Dodon da Uwarsa Ba Ta Kira Sunansa Ba

"Ga ta nan, ga ta nanku, ta sha hanya ta kwaso gajiya."

"Ta zo mu ji ta, Kaka, mu shimfiɗa mata tabarma."

To, ku matso. Kai Mudi, sauke ƙafarka daga kan zanena. Ta yau ba ta dariya ba ce. Wanda ya san idonsa ba ya riƙe ruwa ya tashi tun yanzu. Ba mai tashi? To, kada in ji wani yana shessheƙa daga baya.

A can da, akwai wani gari a gindin dutse. Bayan dutsen akwai kwazazzabo mai zurfi, ko awaki ba sa son gangara masa. Mutanen garin nan ba abin da suke taƙama da shi kamar kunya, kunyar ɗan fari kuwa ta fi kowace ƙarfi. Mace in ta haifi ɗanta na fari, ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, sunansa kuwa ba zai fita daga bakinta ba har ta koma ga Mahaliccinta. Sai dai "kai yaron nan", ko "ke yarinyar nan". Ke Uwani, daina sunkuyar da kai, ke ma 'yar fari ce, kin san abin da nake faɗa. Amma naki da sauƙi. A garin nan, ko ɗan ya taka wuta, uwar sai ta kira maƙwabciya ta ɗauke shi, a kuma yaba mata a ce ta cika 'yar gidan mutunci.

A kwazazzabon nan akwai wani Dodo. Ba zan tsaya zayyana muku shi ba. Ku dai ku sani ya fi rumbu tsawo, gashi kuma ya rufe masa fuska. Dodon nan ba ya taɓa tsoho, ba ya taɓa auta, ba ya taɓa ɗan tsakiya. Ɗan fari kaɗai yake nema. Kuma ba ya ɓoye abin da ya kama. Sai ya jira ranar da gari ya taru, ranar suna ko ranar sussuka, lokacin da surukai ke zazzaune, sannan ya fito fili da la'asar, yaron yana rataye a hannunsa.

Wanda ya fara kamawa ɗan wata mata ne mai suna Dudu, yaron ya je yankan ciyawa. Dodo ya tsaya a tsakiyar fili, ya ɗaga shi sama, ya rera:

"Uwar ɗa, uwar ɗa, ina kike?
Kira shi da suna, ɗauki abinki.
In kin yi shiru, nawa ne."

Dattawa suka ce tarko ne, so yake ya ji muryar uwar ya haɗa da ita. Dudu ta dubi uwar mijinta, ta dubi ƙasa. Dodo ya rera na biyu, ya rera na uku. Da ƙyar ta iya cewa, "Kai yaron nan, zo." Dodo ya haɗiye shi a gaban idonta, ya juya ya tafi. Da dare mata suka zo gaisuwa, suna cewa Allah ya ba ta haƙuri, ai ta riƙe mutuncin gidansu.

Aka jima, ya kama 'yar wata mata mai suna Sarai, yarinyar ta je tsintar kanya. Ya fito ranar suna, ya rera waƙarsa. Sarai ta yi dabara, ta tura ƙanwar mijinta gaba. Ƙanwar mijin ta ɗaga murya ta kira, "Yalwa! Yalwa!" Dodo ya girgiza kai ya ce ba ita ta haife ta ba. Ya rera na uku. Sarai ta buɗe baki, sai ta haɗa ido da uban mijinta, sai ta ja gefen zane ta toshe bakin. Dodo ya haɗiye Yalwa. Ita ma aka zo aka yaba mata.

"Kaka, ba wanda ya harbe shi da kibiya?"

An harba mana, kai ka fi mazan jiya zuciya ne? Kibiya karyewa take a jikinsa. Mashi ma haka. Yi shiru in gaya maka inda ƙarfinsa ya tsaya.

Dodon nan yana da bara guda ɗaya, Hankaka. Kun dai san halin hankaka, mai da ɗan wani naka. Shi ke cire wa Dodo kaska a baya, shi ke shawagi bisa gari yana leƙo masa gidan da ke da ɗan fari. Ladansa kayan cikin duk naman da Dodo ya kashe. Wata rana yana cikin cire kaska, sai ya ce:

"Ranka ya daɗe, wata tambaya ke cina."

"Ta cinye ka."

"Ga barewa, ga gada, ga gwanki har ya yi maka yawa. Ɗan mutum ƙashi ne zalla. Daɗi ne da shi?"

"Ba daɗi."

"To don me?"

"Akwai kaska a wuyana. Cire ta, ka rage baki."

Hankaka bai daddara ba. Ya sake tambaya wata rana, Dodo ya kai masa mari ya goce. Ya sake a karo na uku, ranar an yi ruwa, Dodo na zaune jikinsa a sanyaye. Ranar ce ya ba shi labari.

Ashe Dodo mutum ne a da. Ɗan garin ne, kuma ɗan fari. Yana yaro ya bi akuya ya zame ya faɗa kwazazzabon, ƙafarsa ta gurɗe. Mutane suka fito nema, uwarsa na cikinsu, surukanta na biye. Ta tsaya a bakin ramin, daidai saman kansa, har yana jin numfashinta. Ta yi kira, "Kai yaron nan! Kai!" Ya ji ta sarai. Amma sai zuciya ta ɗebe shi. Ya ce a ransa, yau dai ko sau ɗaya sai ta kira ni da sunana, in ba haka ba ba zan amsa ba. Ta yi ta "kai yaron nan", shi ya yi ta shiru. Rana ta faɗi, suka ce ba ya nan, suka koma gida. A ramin ya rantse cewa duk ɗan da uwarsa ta kasa kira nasa ne, wanda aka kira kuwa ya haramta gare shi. Rantsuwar nan ce ta tsiro masa da gashi da farce. Da shekaru suka yi nisa, har sunan da ya zauna jira ya ɓace masa.

Hankaka ya karkata kai ya ce, "To in haushi ne, ka haɗiye su mana a daji. Me ya kai ka fili kana waƙa har sau uku?"

Dodo ya kau da kai. Can ya ce, "Shirun nake zuwa ji. Duk wadda ta yi shiru, sai in ce wa kaina, ka gani, ba a iyawa ne. Tawa ma ba ƙina ta yi ba. Ranar sai in samu barci."

"In wata ta kira fa?"

"Hannuna zai buɗe, ko ina so ko ba na so. Amma ba mai kira."

Hankaka ya haɗiye maganar ya ajiye, don shi duk abin da ya ji haja ne.

A garin akwai wata mata ana ce da ita Hakama. 'Yarta ta fari sunanta Marka, don a tsakiyar damina aka haife ta. Hakama na son yarinyar nan kamar ranta, amma ba ta taɓa nuna mata ba. In ta kankare ƙanzo, sai ta ajiye mai daɗin a ƙarƙashin faifai inda ta san yarinyar za ta gani, ta kau da kai. In yarinyar ta yi zazzaɓi, Hakama sai ta zauna a bayan ɗaki tana saurare, kakar ce ke shiga. Marka kuwa ba ta ce mata Inna, Yaya take ce mata, don haka aka koya mata. Sau ɗaya tana ƙarama ta taɓa tambaya ko Yaya ta san sunanta. Hakama ta ce ta tashi ta ba ta wuri, sannan ta shiga madafa ta yi kuka ta ce hayaƙi ne.

Hankaka ya gano gidan. Ya tashi ya gaya wa Dodo, ya karɓi hanjin barewa ya ci ya ƙoshi. Bai goge baki ba ya juyo ya sauka a kan dangar Hakama, ta baza ƙuli-ƙuli a faranti.

"Sannu da aiki, uwar gida. Ina da magana, amma yunwa ta riƙe mini ita."

"Tashi ka ba ni wuri, ɓarawo."

"Ɓarawon ne ya san inda aka nufa da sata. Gidan nan ne."

Ta tura masa farantin gaba ɗaya. Yana ci yana magana. Ya ce Dodo ya sa ido a kan 'yarta, ko ta ɓoye ta a rumbu sai ya same ta. Ya ce zancen tarko da dattawa ke yi ƙarya ne, tsoro ne ya sa suka ƙirƙira. In ta kira sunan da bakinta, hannun Dodo zai buɗe. Ta tambaye shi wa ya nuna wa Dodo gidan. Hankaka ya ce shi dai ƙuli ya zo ci, ba shari'a ba, ya kwashi na ƙarshe ya tashi.

Ku kuna ganin abu ne mai sauƙi, ko? Suna ne kawai, a buɗe baki a faɗa. To harshen da aka ɗaure tun ranar haihuwa ba ya kwancewa don an so. Hakama ta shiga ɗaki ta cusa kai cikin tulu ta gwada. Leɓe ya motsa, murya ta ƙi. Kashegari ta je rijiya da sassafe ba kowa, ta leƙa ciki ta gwada. Sai ta ji kamar duk matan da suka riga ta suna tsaye a bayanta, ta ɗauki guganta ta gudo. Karo na uku ta laɓe bayan rumbu, ta runtse ido, har farkon sunan ya fito. Ashe uwar mijinta, Iya Yada, na tsugune a can tana tsince wake.

Tsohuwar ta miƙe tsaye. Ba ta yi faɗa da ƙarfi ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce ita ta haifi mijin Hakama, shi ne ɗanta na fari, ga shi har ya yi furfura bakinta bai san sunansa ba, kuma ba ta mutu ba. Ta ce Dudu ta daure, Sarai ta daure, su ba uwaye ba ne? Ta ce in Hakama ta kunyata gidan nan a gaban jama'a, ta nemi wani gidan. Hakama ta durƙusa ta ba da haƙuri. Mijin da aka gaya masa, shi ma kunyar ta kama shi, ya ɗauki fartanya ya tafi gona.

Suka hana Marka fita. Amma wa ke iya tsare yarinya kullum? Ranar sussuka kowa na masussuka, ruwan gida ya ƙare, ta ɗauki tulu ta zaga rafi. Tulun kaɗai aka gani a bakin ruwa.

Da la'asar Dodo ya fito. Gari duk yana wurin, maza da sanduna, mata da faifai, surukai a inuwar tsamiya. Ya ɗaga Marka sama. Yarinyar ba ta yi kuka ba, idonta dai na kan uwarta.

"Uwar 'ya, uwar 'ya, ina kike?
Kira ta da suna, ɗauki abinki.
In kin yi shiru, tawa ce."

Hakama ta fito gaba. Ta dubi Iya Yada, tsohuwar ta kafe ta da ido. Hakama ta sunkuyar da kai.

Dodo ya rera na biyu. Hakama ta buɗe baki, abin da ya saba fita shi ya fita. "Ke yarinyar nan," ta ce. Dodo ya yi ajiyar zuciya, irin ta wanda ya ji abin da ya zo ji.

Ya ja numfashi zai rera na uku, sai Marka ta yi magana. A hankali ta yi, amma wurin ya yi tsit, kowa ya ji.

"Dodo, bar waƙar haka. Kada ka ba Yaya kunya a gaban mutane. Mu tafi kawai."

Wayyo, 'ya'yan nan. Yarinya tana bakin mutuwa, kunyar uwarta take karewa. Abin da tulu bai iya ba, rijiya ba ta iya ba, maganar nan ta iya. Hakama ta yar da faifan hannunta.

"Marka," ta ce. Sai ta ɗaga murya. "Marka! 'Yata ce, ni na haife ta. Marka, zo nan."

Hannun Dodo ya buɗe. Ya yi ƙoƙarin damƙewa, yatsun suka ƙi. Yarinyar ta faɗo kan tarin ƙaiƙayi, ta tashi da gudu. Hakama ta rungume ta a gaban kowa, a gaban Iya Yada, tana ta maimaita sunan kamar mai jin ƙishirwa ta samu randa.

Dodo kuwa ya zauna daɓas a ƙasa. Ya yaye gashin fuskarsa, aka ga idanunsa, ashe irin na mutane ne. Ya daɗe yana kallon su biyun.

"Ashe ana iyawa," ya ce.

Ya sake faɗa a hankali.

"Ashe ana iyawa. Tawa uwar tana tsaye a saman kaina. Da ta so, da ta kira."

Sai aka ji kururuwa daga cikin mata. Dudu ce ta ture mutane ta fito, ɗankwali ya faɗi ba ta kula ba. Ta zube gaban Dodo tana kiran ɗanta, "Dogara! Dogara!" Sunan da ba ta taɓa faɗa ba yana raye. Sarai ta biyo ta tana kiran Yalwa. Suka riƙe ƙafar Dodo suna roƙo ya sake rera waƙar, sau ɗaya tak, yanzu za su amsa. Suka yi ta kira har muryarsu ta dishe.

Dodo ya dube su ya ce, "Ikon ɗauka aka ba ni. Ba a ba ni na mayarwa ba." Sannan ya juya ga Hakama, ya tambaye ta ko a cikin tsofaffin garin akwai wanda ya tuna wani yaro da ya ɓace a kwazazzabo, ko akwai wanda ya riƙe sunansa. Hakama ta tambayi tsofaffi. Suka dubi juna. Waɗanda suka sani duk sun mutu, uwar kuwa ta tafi kabari da shi a bakinta. Dodo ya tashi ya nufi dutse, yana tafiya yana jan ƙafa ɗaya.

Kuna tsammanin an yi wa Hakama guɗa? Ina! Ku ba ku san mutane ba tukuna. Dudu da Sarai ba su ƙara iya haɗa ido da ita ba. Da can suna da abin riƙewa, suna cewa ba yadda za su yi. Yanzu duk sanda suka ga Marka ta wuce da tulu a ka, sai su tuna da akwai yadda za su yi. Wannan ciwon ya fi na farko. Suka fara cewa marar kunya ce. Sauran mata suka kama, don su ma ya fi musu sauƙi. A rijiya ba mai amsa gaisuwarta. In ta aika da tuwo maƙwabta, a dawo da shi ba a taɓa ba. Iya Yada ta cika maganarta, ta fitar mata da kwallayenta ƙofar gida. Mijin ya tsaya yana kallo, bai ce tafi ba, bai ce zauna ba.

Hakama ta ɗaura kayanta, ta kama hannun 'yarta, suka bar garin. Ba wanda ya raka su ko bakin hanya. Hankaka ne kaɗai ya bi su yana tambaya ko da sauran ƙuli, Marka ta jefe shi da dutse. An ce sun zauna a wani gari mai nisa, cikin talauci. An kuma ce duk wanda ya wuce ta ƙofar gidansu sai ya ji uwar tana kiran 'yar, ko da ba aiken da za ta yi mata.

Dodo bai ƙara kama ɗan kowa ba. Shirun da yake zuwa ji ba zai ƙara yi masa magani ba, ya riga ya sani. Barci ya ƙaurace masa. Ya bar farauta, ya bar cin abinci, Hankaka ya ga ba hanji ya sauya ubangida. Ya yi ta ramewa a cikin ramin nan, gashi ya zube, nama ya tafi, ƙashi ya ruɓe, sai murya ta rage. Ita ta ƙi mutuwa, don har yanzu jira take.

Shi ya sa in kuka je gindin dutse kuka kira wani, sai ku ji an maimaita daga can ciki. Ba dutsen ba ne. Shi ne yake ɗaukar sunan ya ɗanɗana a bakinsa, ko nasa ne. Ya faɗa sau ɗaya, ya faɗa sau biyu a hankali, ya ga ba shi ba ne, ya saki.

Kunya ado ce, ban ce ku yar ba. Amma in ta kai ga hana ka kiran naka ranar da yake neman kira, ta zama mugunta. Mugu kuma, komai girmansa, akwai inda aka fara ɓata shi, akwai kuma inda hannunsa ba ya kaiwa. Wannan bai dawo wa Dudu da Sarai da 'ya'yansu ba.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya faɗa toka, mai so ya tono ya gasa. Uwani, share fuskarki, ki zo nan kusa da ni.